Yayar Mijina Mai Kiran Maguna da Sunan Mutane

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayar mijina ta rasu ranar wata Litinin da hantsi, a ɗakinta na ƙuryar gida, nan unguwar Magajiya. Ni na rufe mata ido, ni na ɗaure mata haɓa. Kafin azahar maza sun kai ta makwancinta sun dawo.

Na zauna makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mata sun zo, ba zan yi musu ƙazafi ba, tsakar gida ta cika har bakin rijiya. Sai dai babu wadda ta dube ni sosai lokacin da take yi mini gaisuwa. Baki yana cewa "ya haƙuri," ido yana kan katanga. Magunanta ne a can, su shida, sun jeru kamar da hannu aka jera su. Ba su yi kuka ba, ba su sauko ba. Ƙadangare ya bi ta gabansu, ko kunne babu wadda ta kaɗa. Ƙofar ɗakinta kawai suke kallo.

Wata mai goyo ta gyara zama don ɗanta ya bar fuskantar katangar. Wata ta karɓi ruwa ta ajiye ba ta sha ba, ina ganinta. Matar mahaucin da muke katanga ɗaya da su ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, tsakaninki da Allah, sunan wa ta sa daga ƙarshe?"

Na ce, "Gaisuwa kika zo ko bincike?"

Ta ja da baya, amma na ga sauran sun kasa kunne. Abin da ya kawo rabinsu ke nan.

Kwana uku ana zaman nan ina saurare, babu mutum ɗaya da ya ambaci sunanta. "Marigayiya." "Tsohuwar nan." "Goggo mai maguna." Liman ma da ya ɗaga hannu, "baiwar Allah" ya ce. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Ƙanenta da ya san sunan tun suna yara, wato mijina, ya riga ta tafiya da shekara bakwai. Ni kuwa matar ƙane ce, kunya ba ta bar ni na furta shi ba ko sau ɗaya, cikin shekara arba'in da ɗoriya da muka yi gida ɗaya. Yaya nake ce mata. To abin da ta fi tsoro a duniya ke nan, a binne ta a binne sunanta tare da ita. Ta sha gaya mini, "Amarya, ni kabari ba ya ba ni tsoro. Shirun da zai biyo baya nake ji."

Shi ya sa na ce a ɗauko takarda. Ni ba na karatu, ba na rubutu. Matar ɗana ce riƙe da biro, na kuma gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, ko da ita ya taɓa.

A gidan nan na sami Yaya ranar da aka kawo ni. Aure biyu ta yi. Na fari mijin ya rasu a garin Garam, na biyu bai yi ƙarko ba, sai ta dawo wurin ƙanenta ta ce ita ta gama. Doguwa ce, ba ta da jiki, dariyarta ta hanci ce, ba a ganin haƙoranta. Koko take damawa da safe, 'yan unguwa na layi da kwanoni. Amarya ta kira ni ranar farko, Amarya ta ci gaba da kirana har na yi furfura, har haƙorana biyu suka zube. Idan na cika gishiri a miya ba ta magana. Sai ta karkata kai gefe ɗaya ta dube ni, ta ci gaba da cin abinta. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Kullum da hantsi, in ta kife tukunyar koko, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin ƙofa, ta ajiye wani tsohon kwano da kan kifi da ƙanzo a ciki, ta fara kira. Ba "mus-mus" take cewa ba kamar kowa.

"Kande. Bawa. Talatu. Matso, Bawa, ba da kai ake rigima ba."

Kowace sai an kira nata sunan take tasowa, sauran suna zaune suna jira. Na gwada su wata rana da ta fita unguwa. Na ce "Kande," na ce "Bawa," babu wadda ta ko waiwayo. Muryarta kaɗai suka sani.

Tun ina amaryar gaske na ce wannan ba daidai ba ne, har yau kuma ban ce daidai ne ba. Suna da rago ake raɗa shi, da liman, da goro. Ba a ɗaukarsa a liƙa wa abin da ke lasar gindinsa a gaban jama'a. Na kai ƙara wurin mijina, ya ce, "Ki bar Yaya da halinta." Na bar ta, amma ban ɗauke ido ba.

Rigima ta farko da matar mahauci aka yi ta, tana sabuwar zuwa unguwar. Ashe sunanta ɗaya da wata jar mage mai satar tsiya. Wata rana Yaya ta ɗaga murya har bayan katanga.

"Talatu! Ɓarauniyar banza, cire bakinki daga kifin mutane! Kullum ciki, kullum ciki, ba a san uban ba!"

Sai ga matar mahauci ta faɗo gidan ba sallama, ga tsohon ciki, ga ludayi a hannu.

"Goggo, me na yi miki? Kifin wa na ci? Uban cikina kuwa yana kasuwa, a je a tambaye shi!"

Yaya ko tashi ba ta yi ba. Ta nuna magen da baki. "Ga wadda nake yi da ita. Ta riga ki zuwa unguwar nan da shekara uku. In akwai mai sake suna, ke ce."

"Ki rasa sunan da za ki sa wa dabba sai nawa?"

"Ba naki ba ne. Na ƙawata ne da muka yi tallan gyaɗa tare muna 'yan mata. Wurin haihuwar fari ta tafi, ita da abin cikin. Mijinta ya sake aure kafin damina ta fita. Yau ki zagaye garin nan kaf, babu mai tuna an yi ta sai ni."

Matar mahauci ta ɗora hannu a kan cikinta, ta fita da baya da baya, ludayin ma a nan ta bar shi. Ta haihu lafiya, namiji. Amma daga ranar ba ta ƙara sakin jiki da gidanmu ba.

Ni kuwa ranar na fara ganewa. Kande ƙanwar uwarta ce da ta goye ta. Bawa wansu ne ita da mijina, ruwa ya ci shi yana yaro. Duk mamata ne, duk kuma waɗanda ba a mayar wa kowa sunansu ba. Wanda ya haihu yakan mayar da sunan uwarsa ko na ubansa ga jariri. Ita ba ta da jaririn da za ta mayar wa, sai ta riƙa mayar wa abin da Allah ya kawo mata bakin ƙofa.

Abin da ya ɓata ta da unguwa daga baya ya zo. Wani baƙin muzuru mai yagaggen kunne ya fara leƙo gidan. Kwana biyu tana kallonsa ba ta sa masa suna ba. Rana ta uku ina shara na ji ta ce a hankali, "Ɗanladi, ka iso?" To ƙanen matar mahauci, direba mai jigilar ma'aikata zuwa Abuja, sunansa ke nan. Bayan kwana uku aka kawo gawarsa daga hanya.

Cikin mako ɗaya layin koko ya watse. Kalmar nan da ba na son maimaitawa, mayya, ta fara yawo daga rijiya zuwa rijiya. Liman ya zo da kansa, suka zauna a zaure, ni ina bayan labule, ban kuma ji kunyar saurare ba.

"Goggo, mutane na magana. Ki sauke sunayen nan, ki huta, mu ma mu huta."

"Allah gafarta Malam, na taɓa sa sunan Annabi ko na iyalan gidansa?"

"A'a."

"Na taɓa cewa mage mutum ce?"

"Ban ji ba."

"To direban nan, ni na tuƙa motar?"

"Ba haka ake nufi ba. Amma ɗan Adam, Allah ya karrama shi, sunansa ma da daraja."

"Na sani, Malam. To ku da kuka san darajarsa, ka yi wa ƙanwar uwata salla da kanka. Faɗi sunanta in ji."

Liman ya yi addu'a ya tashi.

Ni ba a sallamata da irin wannan. Da ya fita na bi ta ɗaki na tsaya a kanta. "Yaya, wane Ɗanladi?"

Ta dubi tafin hannunta. "Mijina na fari. Shekara tara ina dafa masa, ban taɓa kiransa ba. Maigida, maigida. Maciji ya sare shi a gona, ya cika, kansa a kan cinyata, ina ta wayyo, wayyo, kamar ba shi da suna. Kunnensa na hagu a yage yake, ƙaya ta yaga shi yana yaro. Da na ga muzurun nan, bakina ya riga ni."

Na yarda da ita. Amma zan faɗi abin da na gani, don ban saba ɓoyewa ba. Ranar da aka kawo gawar direban, tun da safe muzurun ya ƙi ci. Ya hau katangar mahauci ya zauna yana kallon cikin gidansu, tun kafin kowa ya ji labari. Ban san fassararsa ba, ban kuma nemi a fassara mini ba.

Direban ya bar matarsa da 'ya'ya ƙanana. Har matar ta fita takaba, kullum Yaya sai ta dama koko ta zuba a kwanona, ba a nata ba, ta ce in kai in ce ni na dama. Suka sha suna sa mini albarka. Yau na mayar wa mai shi da albarkarta.

Matar mahauci kuwa ta sa a ranta cewa ranar da jar magen nan ta mutu ita ma ta tafi. Sai aka wayi gari kullum la'asar ana jefo guntayen nama ta kan katanga, ƙunshe a takarda. In magen ta yi atishawa sai ka ga kai ya leƙo. "Goggo, lafiyar takwarata?" Jar mage uku aka yi masu wannan suna, uwa da 'ya da jika. In ɗaya ta mutu Yaya sai ta mayar wa 'yarta sunan kafin kowa ya ji, kamar yadda take yi da sauran sunayen. Biyun farko ni na haƙa musu rami a bayan ɗaki. Matar mahauci har yau tana zaton guda ɗaya ce mai tsawon rai, ga ta nan kuma garau, ta fi ni ƙiba. In wannan takarda ta kai kunnenta, ta ji.

Yanzu na zo kan tawa.

Ɗana na fari magini ne. Kamar kowace uwa mai kunya, ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai yaro" nake cewa har ya yi gemu. A gaban mutane ko dubansa ba na yi. Katako ya zame da shi daga saman wani bene da suke ginawa a Abuja. Da aka kawo shi ban yi kuka ba, aka yi ta yabona da haƙuri.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, na shiga ɗakinsa in naɗe tabarma. Na tarar da wani ɗan mage ramamme, fari da baƙi, kwance a kanta, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa. Haka yaron nan yake kwanciya tun yana goye. Na kore shi da tsintsiya. Washegari ya dawo.

Da hantsi ina tankaɗe na ji Yaya ta fara kira. "Kande. Bawa. Talatu. Ɗanladi." Ta ɗan tsaya. "Balarabe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sa ƙafa na yi fatali da kwanon, maguna suka watse.

"Ɗan nawa? Ɗan da na haifa? Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba ki liƙa wa mage?"

"Amarya, bai yi aure ba, bai bar baya ba. Ubansa ya kasa faɗa, ke ba kya faɗa. Wa zai kira shi?"

"Da kin taɓa haihuwa da ba ki yi wannan ba."

Na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa na faɗa ba sai yau. Ta karkata kai ta dube ni, irin kallon gishirin nan, sannan ta durƙusa tana tsince kan kifi daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Damina biyu ba na yi mata magana. Gida ɗaya, rijiya ɗaya, madafa ɗaya. Ba ta daina kiran ba. In hantsi ya yi sai in shige ɗaki in rufo ƙofa, amma ina ji. Magen kuwa ni ya zaɓa. Ya bi ni wurin wanki, ya bi ni wurin girki, in na idar da salla in same shi zaune a bayana. Ƙanzon da ya taɓa miyar kuka ba ya ci. Yaron nan ma haka yake. Na yi ta korarsa har tsintsiyata ta kwance.

A lokacin ana gina wani bene a bayan gidanmu, irin na hayar nan da ake yi wa ma'aikatan Abuja, ya kai hawa biyu. Wata Juma'a da rana tsaka, maza sun tafi masallaci, magina ma sun tafi, unguwa tsit. Ina shanya na ɗaga kai, sai na hango magen can sama. Yana tafiya a kan wani katako da aka gitta, ya nufi ƙarshen da ba a ɗaure ba. Katakon ya fara sunkuyawa.

"Balarabe! Sauko!"

Muryata ce. Na ji ta bugi ginin ta dawo mini. Shekara ashirin da tara yaron nan ya yi a duniya, sai ranar na kira shi.

Magen da ba ya amsa kiran kowa sai nata ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ni. Ya koma da baya, ya bi ta tagar ginin ya ɓace, can sai ga shi a kan katangarmu. Bai gama dirowa ba katakon ya zame ya faɗo. Babu iska ranar, babu kowa a sama.

Na zube a ƙasa cikin jiƙaƙƙen wanki, na yi kukan da na riƙe damina biyu, ina ta faɗin sunan kamar za a ƙwace mini shi. Yaya tana ɗakinta, ta ji komai. Ba ta fito ta ce ba na gaya miki ba. Da na dawo hayyacina na ga buta cike da ruwa a gefena da tsumma mai tsabta, ban ji zuwanta ba, ban ji komawarta ba. Na wanke fuska. Da la'asar na je ƙofarta na ce, "Yaya, sannu da gida." Ta ce, "Amarya, miyar jiya gishiri ya yi yawa." Sulhunmu ke nan. Maganar da na gaya mata kuwa ban taɓa neman gafararta ba, kullum ina cewa gobe.

Magen nan ya tsufa, bara ya mutu a kan tabarmar da na fara ganinsa. Yaya ta tambaye ni ko a mayar wa wani sunan. Na ce a'a, yanzu akwai mai faɗinsa.

Ni Musulma ce. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ba a mage ba, ba a komai ba. Kada wani ya karanta ya ce tsohuwa ta ruɗe. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Ciwon Yaya na ƙarshe bai kai wata biyu ba. Ƙafafu suka kumbura, ta daina damu, ta daina fita. Ni nake jawo mata kujerar in riƙe kwanon, ita ta yi kira. Murya ta shige, amma suna jinta. Cikin kwanakin nan ne Kande ta haifi 'ya ɗaya tak, toka-toka, doguwa, siririya. Mako ya wuce, biyu suka wuce, har ta fara lasar abinci, ba a sa mata suna ba.

Na ce, "Yaya, wannan fa? Mamatan sun ƙare?"

"Saura ɗaya. Ba ta ƙarasa ba tukuna."

Na gane, na yi kamar ban gane ba.

"Ke za ki raɗa mata, Amarya."

"Allah ya kiyaye. Matar ɗana na biyu haihuwa yau ko gobe. In mace ce sunanki za a sa, da rago, da liman, kamar kowane ɗan Adam. Na yi miki alkawari."

Ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci. "Ba za su yarda ba. Kada ki yi faɗa da ɗanki a kaina. Mage ba ta da dangin uwa da za su hana."

To ga amsar tambayar matar mahauci. Daga ƙarshe ba ta sa sunan kowa ba. Ku kwantar da hankalinku.

Kwana goma bayan rasuwarta matar ɗana ta sauka, mace. Na kira ɗana na biyu, wanda ya rage mini, ma'aikaci ne, kullum yana hanyar Abuja.

"Sunan Goggonka za a sa."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. "Inna, ki yi haƙuri."

"Ban ji ba."

"Inna, wallahi ni ban yarda da surutun mutane ba. Amma yarinyar nan a unguwar nan za ta tashi, a nan za ta shiga makaranta. Za a riƙa ce mata mai sunan mayya. Surukata ma ta ce in aka sa, za ta zo ta kwashe 'yarta da jikarta."

"Wadda ta goye ka ina kwance da zazzaɓi? Wadda ta tauna maka gyaɗa ta sa maka a baki? Ita ce yau ba ta isa ba?"

"Inna, wanda ya tafi ba abin da zai same shi. Mai rai nake dubawa."

Na dubi matarsa, wannan da ke rubutu, ta juya fuskarta bango. Rubuta, haka aka yi. Aka yanka rago, aka raɗa sunan wata daga dangin uwa. Ban ci naman ba.

Ɗana ya zo da buhu ya ce zai kwashe magunan ya kai su gaban garin Tafa ya saki. Matar mahauci ta ji, ta shigo da gudu ba mayafi, ta naɗe jar magen a zani ta ce, "Ba dai takwarata ba!" Sauran ba su jira buhu ba. Kullum in gari ya waye sai in ƙirga in ga babu ɗaya a kan katangar. Bawa ya fara tafiya, Kande ce ta ƙarshe. Babu wanda ya ga inda suka bi.

'Yar toka-tokar nan kaɗai ta rage. Ta kwanta a bakin ƙofar Yaya ta ƙi motsi. Na yi mus-mus, na kawo madara, na kawo kifi, ba ta ko shinshina ba. Haƙarƙarinta suka fito ana ƙirgawa. Ina kallonta ina ganin alkawarina yana mutuwa a gabana. Jaririyar kuma tun ranar suna ta kama kuka. An kai ta asibiti an ce lafiyarta ƙalau, an yi tofi, an yi hayaƙi, ba ta fasa ba. Uwarta ta rame, gidan ya ishi kowa.

Ranar Alhamis da ta wuce da hantsi, ɗana ya tafi aiki. Na jawo kujerar Yaya bakin ƙofa, amma ban zauna a kai ba, a ƙasa na zauna. Na ajiye tsohon kwanon da kan kifi da ƙanzo. Jaririya na ta kuka a ɗaki. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, karon farko iska kawai ta fito. Shekara arba'in da ɗoriya. Na ce a raina, Yaya, kin yi nasara, ki yafe mini. Sannan na kira, yadda take kira, ba da ƙarfi ba.

'Yar magen ta ɗago. Ta karkata kai gefe ɗaya ta dube ni. Na san kallon. Ta miƙe tana tangaɗi, ta zo ta sa baki a kwanon.

Ina kallonta tana ci, sai na ji wani abu ya sake a gidan. Na daɗe kafin na gane mene ne. Shiru ne. Kukan ya tsaya.

Matar ɗana ta fito bakin ƙofa da yarinyar a hannu, idon yarinyar a buɗe, fuskarta ta juyo wajena.

"Inna, me kika ce?"

"Ba da ke nake ba."

"Inna, don Allah sake faɗa."

Na sake. Magen ta ɗago daga kwano, yarinyar ta motsa kai.

Sai a lokacin na tuna, ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce mini. Ranar Alhamis aka haifi Yaya, sunan ranar ne ya bi ta har ya danne na yanka. Ranar Alhamis kuma aka haifi yarinyar nan. Duk macen da ta zo duniya ranar, sunan nan nata ne, ba sai da liman ba, ba sai da iznin dangin uwa ba. Ni ina can ina faɗa a kan rago, ashe ranar ta riga ta ba ta.

Ɗana bai sani ba tukuna. Zai sani in ya karanta. Uwar yarinyar tun ranar da shi take rarrashinta in babu kowa, tana zaton ba na ji. Ga ta nan ta ɗaga biro tana dubana, wai ta sa ko kada ta sa. Sa.

Sunanta Lami.

Duk wanda takardar nan ta isa hannunsa, kada ya karanta a zuci. Ya faɗa da baki, sannan ya roƙa mata. Allah ya jiƙan Lami, ya yafe mata abin da ta yi ba daidai ba, ya yalwata mata kabari, ya yafe mini maganar da na gaya mata a bakin ƙofar nan. Ya jiƙan Kande da Bawa da Talatu da Ɗanladi. Ya jiƙan Balarabe.

Na faɗa yanzu don a rubuta, ga su can su biyu sun juyo.